Iskar Da Ke Gaban Ruwa: Darasi Daga Malkohi Da Duwatsun Adamawa

Gabatarwa

Duk wanda ya yi shekara guda a Yola ko Jimeta ya san cewa ruwan farko ba ya zuwa shi kaɗai. Iska ce ke yi masa jagora, kuma sau da yawa ɓarnar da za a kwana ana lissafawa ta riga ta auku tun kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa. A wannan maƙala ina so mu dubi wannan iska: inda take tasowa, hannun da duwatsu suke da shi a cikinta, yadda take raba ɗaki da rufinsa, da kuma abin da ya kamata mutum ya yi idan ta taso. Na ɗauki Malkohi, wani ƙauye da ke bayan gari a ƙaramar hukumar Yola ta Kudu, a matsayin misali, saboda a can ne na fi ganin yadda iska ke samun mutane ba su da abin kare kansu.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa da nazarin iska? Abin da ya haɗa mu shi ne, gobe mu ne za mu zauna a gidajen rediyo da talabijin muna fassara sanarwar masana yanayi. Idan muka zaɓi kalmar da ba ta dace ba, manomi da matafiyi da uwar 'ya'ya ba za su san girman abin da ke tafe ba.

Sunayen iska a bakin Bahaushe

Bari mu fara da abin da ya fi kusa da mu, wato kalmomi. Kalmar iska kanta tana da ban sha'awa. A wasu kare-karen harshe mace ce, a ce iskar gabas, a wasu kuma namiji, a ce iskan gabas. Jam'inta, iskoki, ya bar sararin sama ya koma fagen bori. Daga gare ta ne kuma muka sami ɗan iska da iskanci da shan iska da bin iska. Karin magana ya ce iska na wahalar da mai kayan kara, wani kuma ya ce iska ta iske kaba na rawa. Wannan na biyu ku riƙe shi, domin za mu sake haɗuwa da shi a kan rufin kwano.

Sai hadari, wato gajimaren da ya haɗu ya yi baƙi zai zubar da ruwa. A nan ina jan hankalin 'yan'uwana ɗalibai game da rubutu: hadari daban, haɗari daban. Lanƙwasa guda ce ta raba su, amma na sha ganin takardun jarrabawa da allunan sanarwa da suka haɗe su wuri ɗaya. Hadari yana iya zama haɗari, amma ba kowane hadari ne haɗari ba.

Holoƙo shi ne iska mai ƙura da ke tasowa kamar za a yi ruwa, ta rufe gari, wani lokaci kuma ta wuce ba ko ɗigo. Shi ya sa ake cewa holoƙo hadarin kaka. Akwai hunturu, da buji, da hazo. Akwai cida, wato rugugin da ake ji daga nesa, da tsawa, da aradu, da walƙiya.

Wadda ta fi damuna ita ce guguwa. A asali guguwa ita ce iskar nan mai juyawa da ke tashi a fili da tsakar rana lokacin bazara, ta kwashe ganye da leda ta yi sama da su, yara su gudu saboda an ce akwai aljanu a ciki. Yau kuwa mun ɗora wa kalmar kaya fiye da ƙarfinta. Iskar da ta kwashe rufin makaranta, guguwa. Wadda ta taso daga teku ta share garuruwa a Amurka ko Mozambik, mahaukaciyar guguwa. A ganina wannan ba ƙaramar matsala ba ce, domin mutumin da ya saba ganin guguwa tana wasa da leda a bakin kasuwa ba zai bar abin da yake yi ba don kawai an ce masa guguwa na tafe. Iskar da muke magana a kanta a nan ba juyawa take yi ba. Miƙe take zuwa, daga gabas, kamar bango. Zan riƙa kiranta iskar hadari.

Daga ina take tasowa?

Yola tana cikin kwarin kogin Binuwai, ƙasa da mita 200 daga doron teku. Sunan ma daga kalmar Fulatanci yolde ya fito, wato ɗan tudu, inda Modibbo Adama ya kafa garin a 1841. Amma idan ka ɗaga kai, duwatsu ne suka yi wa kwarin ƙawanya. A kudu ga duwatsun Bere, a hayin kogi ta arewa ga na Bagale. Can kudu maso gabas, a kan iyakar Kamaru, ga duwatsun Alantika. A arewa maso gabas ga jerin duwatsun Mandara, daga wajen Mubi ya bi ta Michika da Madagali har Gwoza. Idan aka ƙara nausawa kudu a tarar da duwatsun Shebshi, inda ƙololuwar Dimlang ta haura mita 2,000, sannan Chappal Waddi a jihar Taraba, mai mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya.

A watannin Maris da Afrilu zafin Yola yakan haura digiri 40. A daidai wannan lokaci iska mai laima daga Tekun Atlantika ta fara kutsowa daga kudu maso yamma, tana shiga ƙarƙashin busasshiyar iskar hamada. Rana tana gasa jikin duwatsu tun hantsi, iskar da ke kansu ta yi zafi ta tashi sama, dutsen kuma ya tilasta wa iska mai laima ta hau bisansa. Da ta hau sai ta yi sanyi, laimar ta zama gajimare. Kafin la'asar gajimaren ya yi toroƙo, wani har ya kai kilomita 15 a sama. Wannan ne dalilin da ya sa masana yanayi suke lissafa duwatsun iyakar Nijeriya da Kamaru, da tsaunin Jos, da duwatsun Azbin a Nijar, da na Darfur a Sudan, cikin wuraren da manyan hadarurruka na Afirka ta Yamma suke haɗuwa. A taƙaice, dutse ne ɗakin haihuwar hadari.

Bayan ya haɗu ba ya tsayawa a kan dutsen. A can sama, kimanin kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Ita ce ke jera gajimaren sahu guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, ta tura shi yamma da gudun da ya kai kilomita 50 zuwa 60 a awa. Ashe tsofaffin da ke cewa a dubi gabas idan ana neman hadari ba su yi kuskure ba. Kuma shi ya sa hadarin da ya haɗu a kan duwatsu da rana yake riskar mutanen kwari da yamma ko cikin dare.

To, me ya sa iska ke riga ruwa isowa? A farkon damina iskar da ke ƙarƙashin gajimare busasshiya ce. Idan ruwa ya fara zuba daga sama, mai yawa daga cikinsa yana ƙafewa kafin ya iso ƙasa. Ƙafewar tana sanyaya iskar, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, sai ta rikito ƙasa da ƙarfi, ta bugi doron ƙasa ta bazu, kamar an tuntsurar da bokitin ruwa a kan daɓe. Gaban wannan iska shi ne sanyin nan da muke ji kwatsam bayan wuni ana zufa, tare da ƙanshin ƙasa da jan bango na ƙura. A cikin marka, wajen watan Agusta, iskar ƙasa ta riga ta jiƙe, saboda haka ruwa yakan sauko a natse. Sai kuma wajen ƙarshen Satumba da Oktoba iskar ta dawo, ta kwantar da dawa da masara a gona.

Wani masani ɗan asalin Japan mai suna Fujita, wanda ya yi aiki a Jami'ar Shikago, shi ne ya bayyana wannan rikitowar iska bayan ya binciki faɗuwar wani jirgin sama a birnin Niyok a 1975. Mu ma mun ɗanɗana. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin kamfanin ADC ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato cikin hadari, ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Binciken da aka yi ya ambaci sauyawar iska kwatsam a cikin musabbaban faɗuwar. Iskar da ta iya wannan, rufin kwano ba komai ba ne a wurinta.

Dutse yana ƙara wa iska gudu

Akwai aiki na biyu da dutse yake yi. Idan iska ta tarar da mashigi tsakanin duwatsu biyu, matsewa take yi ta ƙara gudu, kamar yadda ruwa ke feshi idan ka danne bakin tiyo da yatsa. Babban misali yana kusa da mu. A arewacin Chadi iskar hunturu tana bi ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta fito da ƙarfi ta faɗa kwarin Bodele, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Wannan kwari ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, kuma wani kaso na hazon da ke hana jirage sauka a filayenmu daga nan yake.

A wasu ƙasashe iskar da ke gangarowa daga dutse har suna gare ta: Fon a duwatsun tsakiyar Turai, Bora a gaɓar tekun Kuroshiya, Shinuk a yammacin Amurka. Ranar 30 ga Disamba, 2021, irin wannan iska ta sauko daga duwatsun jihar Kolorado da gudun da ya haura kilomita 160 a awa, ta hura wutar daji, gidaje fiye da 1,000 suka ƙone a wuni guda. Duwatsunmu ba su kai nasu tsawo ba, amma ƙa'idar ɗaya ce. Gidan da ke bakin mashigi, ko kan tudu, ko gindin gangare, ya fi na tsakiyar gari shan bugu.

Yadda rufi ke tashi

A 1805 wani sojan ruwan Ingila, Francis Beaufort, ya tsara ma'aunin ƙarfin iska daga 0 zuwa 12, wanda har yau ake amfani da shi. A mataki na 8, wato kilomita 62 zuwa 74 a awa, ƙananan rassa suna karyewa, tafiya tana wuya. A mataki na 10, daga kilomita 89 zuwa 102, itatuwa suna tumɓukewa. Iskar hadari mai ƙarfi tana iya kaiwa nan, ko da na 'yan mintoci ne.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin bugunta sau huɗu yake ninkawa. Bisa lissafi na kusa, iska mai gudun kilomita 100 a awa tana matsa wa kowace murabba'in mita da nauyin kimanin kilo 47. Ɗaki mai mita 4 tsawo da mita 4 faɗi yana da murabba'in mita 16 na rufi, ke nan kilo 750, nauyin buhun siminti 15. Kuma wannan ƙarfi sama yake ja. Iskar da ke gudu ta bisan rufi tana tsotsarsa, in kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe ta ɓangaren gabas, sai ta cika ɗakin ta riƙa tura rufin daga ciki. Biyu ta haɗu. Saboda haka maganar da wasu ke yi, wai a buɗe tagogi don iska ta wuce, ba shawara ce mai kyau ba.

Yanzu ku tambayi kanku, me ke riƙe da rufin ɗakunanmu? A gidaje da yawa kafinta ya ɗora katako a kan bango, ya buga kwano da ƙusoshi 'yan kaɗan, mai gida ya jera duwatsu ko tsofaffin tayoyi a bisa, shi ke nan. Gara ta ci katakon shekara uku, tsatsa ta faɗaɗa ramin ƙusa. Nan ne iska ke iske kaba na rawa. Daga kusurwa da bakin rufi take farawa, ta ɗaga fallen kwano guda, ta shiga ƙarƙashinsa, sauran su bi. Duwatsun da aka danne rufin da su kuwa kan mutanen ɗaki suke faɗawa.

Ranar 16 ga Yuni, 2018, kwana ɗaya bayan ƙaramar salla, irin wannan iska ta faɗa wa garin Bauchi, wanda shi ma duwatsu ne kewaye da shi. Aƙalla mutum 8 suka rasu, da yawa suka ji rauni, rufin gidaje da makarantu da turakun wutar lantarki suka zube a cikin ɗan lokaci.

Malkohi

Tun daga 2014, lokacin da rikicin Boko Haram ya kori jama'a daga Gwoza da Madagali da Michika, dubban mutane suka kwararo Yola. An buɗe sansanin 'yan gudun hijira a Malkohi, wasu kuma suka zauna a cikin ƙauyen da gefensa, suka kafa ɗakuna da abin da hannu ya samu: tamfol, zana, kara, tubalin laka, da tsohon kwano. Fili ne buɗaɗɗe, itatuwan kusa kuma bukatar itacen girki ta rage su. Idan iskar hadari ta taso, ba abin da ke tare ta sai ɗakin mutum.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, yawancin waɗannan bayin Allah 'ya'yan dutse ne, kuma ginin da kakanninsu suka gada ya san iska. Wanda ya je Sukur a ƙaramar hukumar Madagali, wurin da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, zai ga ɗakuna zagayayyu, gajeru, kusa da juna, da jinka mai tsini wadda aka ɗaure da igiya. Zagayayyen ɗaki ba shi da kusurwar da iska za ta kama, kewaye shi take yi ta wuce. Jinka mai tsini ba ta tsotsuwa kamar shimfiɗaɗɗen kwano, kuma ko ta tashi, ciyawa ce, ba ta yanka wuyan kowa. Ba ina cewa a koma zaman bukka ba ne. Ina cewa ne mun karɓi kwano ba mu karɓi ɗaurinsa ba, kuma wanda hijira ta raba da gidansa shi ya fi kowa biyan kuɗin wannan sakaci.

Aikin rani

Mafi yawan kariyar ana yin ta ne tun cikin Fabrairu da Maris, kafin gajimare ya fara taruwa. A hau rufi a duba. Katakon da gara ta ci a sake shi. A ɗaure katakon rufi da jikin bango da waya mai kauri ko ɗamarar ƙarfe, a zagayo da ita ta ƙarƙashin linta ko layi uku na bulo, domin nauyin bango ya riƙe rufin. A yi amfani da ƙusa mai hula, a ƙara yawanta a kusurwoyi da bakin rufi. Kada a bar kwano ya zarce bango da yawa. Mai sabon gini ya sani cewa rufi mai gangare huɗu ya fi mai gangare ɗaya jure iska. Mai tamfol ya ja shi ya ɗame, ya binne gefensa cikin ƙasa, ya juya ƙofa daga gabas, domin tamfol mai kaɗawa shi ke yagewa.

Itatuwa suna rage ƙarfin iska idan an jera su a gabas da gida, da ɗan nisa. Amma itacen da ya rankwafo kan ɗaki abin tsoro ne, musamman turare, wanda rassansa ke karyewa ba sallama. A sassare busassun rassan darbejiya da mangwaro tun da wuri. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda aka kafa a 2003, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da kuma hasashen kullum. Sauraron su bai fi ƙarfin mai rediyo ba.

Idan ta taso

Daga lokacin da gabas ta yi baƙi, iska ta ɗauke cak, zuwa isowar sanyin farko, sau da yawa mintoci ne kawai. A fara da yara, a tattaro su daga waje. Sai wuta: a kashe murhu, a zuba wa garwashi ruwa, domin a unguwar zana da kara gobara ta fi iskar ɓarna. A shigar da kwanuka da bokitai da duk abin da zai iya tashi. A rufe ƙofa da taga. Wanda ɗakinsa tamfol ne ko tsohon kwano ya tafi da iyalinsa gini mafi ƙarfi da ke kusa tun kafin iskar ta iso. Idan ta riga ta iso, fita ta fi zama haɗari, saboda fallen kwano a cikin iska wuƙa ne. A zauna nesa da taga da bangon gabas, a kare kai da katifa ko tabarma. Kada wanda ya hau rufi don ya danne shi, kada kuma wanda ya bi kwanonsa da gudu. Gobe ma yana nan inda ya faɗi.

Wanda ta riska a hanya kada ya fake a gindin itace, ko jikin tsohuwar katanga, ko ƙarƙashin allon talla da falwaya. Mai babur ya sauka. Mai mota ya tsaya a fili, nesa da itatuwa, ya zauna a ciki. Masunta da masu fito a Binuwai su nemi gaɓa da ganin hadari, domin kwalekwale ba ya jure igiyar da iskar ke tayarwa. Makiyayi ko manomin da ke kan dutse ya sauko daga ƙololuwa saboda aradu, amma kada ya sauka cikin kwazazzabo. Ruwan da ya zuba a kan dutse yana isowa rafi da gudu ko da inda kake tsaye ba a yi ɗigo ba. Mutanen Yola ta Kudu ba za su manta da ƙarshen watan Yuli na 2025 ba, lokacin da ambaliya ta shiga unguwannin Shagari da Yolde Pate, mutane fiye da 20 suka rasu.

Game da aradu akwai lissafi mai sauƙi. Ƙara tana tafiyar kilomita 1 a cikin daƙiƙa 3. Idan ka ga walƙiya, ka ƙirga. In ka ji tsawa kafin ka kai 30, hadarin yana cikin kilomita 10, kuma aradu na iya riskarka. A jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a fita. Bayan an ɗauke, wayar lantarkin da ta faɗi a ɗauka tana da wuta, a tsare yara daga gare ta, a kuma sa takalmi saboda ƙusoshi. A kai rahoton ɓarna ga mai unguwa da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha ko ta ƙasa, wato NEMA. Lambar kiran gaggawa ita ce 112.

Aikin gida

Na bar wa 'yan'uwana ɗalibai aiki biyu. Na farko, idan an tafi hutu, kowa ya zauna da tsofaffin garinsu ya rubuto duk kalmar da suke da ita ta iska da hadari, da alamomin da suke dubawa, da Hausa ko Fulatanci ko Margi ko Bachama. Na biyu, a gwada rubuta sanarwar rediyo wadda ba ta wuce daƙiƙa 20 ba. Ga tawa, ku gyara ta:

"Jama'ar Yola da Jimeta da Girei da Fufore, hadari mai iska yana tafe daga gabas, zai iso kafin magariba. Iska ce mai cire rufi da kayar da itace. A shigar da yara, a kashe wuta, a rufe ƙofofi. Masu kwalekwale su fito gaɓa yanzu."